Ziyarar Tepeyak a Kwanakin Jira: Yadda Rubutu Ya Tsayar wa Masu Ziyara Rana

Gabatarwa

Kowace shekara, tun daga ranar 9 ga watan Disamba, hanyoyin da ke shiga birnin Meksiko sukan cika da Kiristoci ƴan Katolika masu tafiya a ƙasa. Galibinsu ƙananan ƙungiyoyin addu'a ne na ƙauye ɗaya, ko unguwa ɗaya, ko majami'a ɗaya. Waɗanda suka taso daga jahar Puebla sukan yi kwana biyu ko uku bisa hanya, wasunsu su ratsa ta wata mashiga da ke tsakanin manyan duwatsu biyu, Popocatépetl da Iztaccíhuatl, inda tudun ƙasa ya kai wajen mita 3,600, sanyin dare kuwa ba ya da sauƙi. Da yawa suna goye da hoton Maryamu uwar Isa Almasihu. Wasu suna bisa kekuna, wasu suna gudun miƙa wa juna wuta, motar guzuri tana biye da su. Burin kowa shi ne ya iso gindin tudun Tepeyak kafin tsakar daren 11 ga wata, sa'ad da ake rera waƙoƙin gaisuwa ga wadda suke kira Maryamu ta Gwadalupe.

Wannan ziyara tana faɗowa ne cikin makonnin da Ikilisiyar Katolika ta keɓe domin jiran bikin haihuwar Almasihu. A wurin masu ziyara, haka al'amarin yake tun shekara ta 1531. Amma takardun tarihi suna nuna cewa fiye da shekara ɗari babban bikin Tepeyak a watan Satumba ake yin sa. Komawarsa watan Disamba ta biyo bayan wasu littattafai ne, ɗaya daga cikinsu kuwa da harshen mutanen ƙasar aka rubuta shi.

1. Kwanakin Jira

Da Latin ana kiran wannan lokaci adventus, wato zuwa. Yana farawa ranar Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, bikin da wasu ke kira Nowel, saboda haka farkonsa yakan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Da shi ne shekarar ibada ta Katolika take somawa.

Alamunsa na farko sun bayyana a ƙasashen Ispaniya da Faransa. A shekara ta 380 taron bishop-bishop na Saragosa ya umurci masu bi da su lizimci majami'a daga 17 ga Disamba har 6 ga Janairu. A ƙarshen ƙarni na 5, Perpetuus, bishop na birnin Tours, ya kafa azumin kwana uku a kowane mako daga 11 ga Nuwamba har Kirsimeti, taron Mâcon na shekara ta 581 kuma ya tabbatar da ranakun: Litinin, Laraba da Juma'a. Daga baya Roma ta taƙaita lokacin zuwa mako huɗu, ko da yake birnin Milan yana riƙe da mako shida har yau. Kwanaki ne na tuba da kame kai, limamai suna sanya tufafin shunayya. A cikinsu ne ake bikin Maryamu na ranar 8 ga Disamba. Wannan tsari ne Ispaniyawa suka ƙetare teku da shi.

2. Tepeyak a ƙarni na 16

Birnin Tenochtitlan, hedkwatar daular Aztek, ya faɗa hannun Ispaniyawa ranar 13 ga Agusta 1521, bisa kufansa kuma aka gina birnin Meksiko. A lokacin birnin yana tsakiyar tafki ne, Tepeyak kuwa tudu ne a bakin tafkin ta arewa, inda ɗaya daga cikin hanyoyin da aka gina bisa ruwa take ƙarewa. A shekara ta 1524 malamai goma sha biyu na ɗariƙar Faransis suka iso domin yaɗa addini, a 1528 kuma Juan de Zumárraga, shi ma ɗan wannan ɗariƙa, ya iso a matsayin bishop na farko.

Labarin da ƴan Katolika suka gada yana cewa da asubar wata Asabar, a farkon Disamba 1531, wani talaka ɗan ƙasa mai suna Juan Diego yana kan hanyarsa ta zuwa Tlatelolco neman karatun addini, sai Maryamu ta bayyana gare shi bisa tudun. Da harshensa na Nawatil ta yi masa magana, ta aike shi wurin bishop cewa a gina mata ɗakin ibada a nan. Bishop bai gaskata ba, ya nemi alama. Ranar Talata ta sa Juan Diego ya tsinko furanni a kan tudun, inda ba a saba ganin su a wannan lokaci ba. Da ya kwance mayafinsa gaban bishop, sai aka ga surarta a jikin mayafin. Wannan mayafi ne, bisa imanin masu ziyara, yake rataye a majami'ar Tepeyak.

Takardun zamanin ba su ambaci wannan labari ba. Zumárraga ya rasu a 1548, a cikin rubuce-rubucensa da suka wanzu kuwa babu zancen bayyanar. Takarda ta farko mai cikakken bayani a kan ibadar Tepeyak ta husuma ce. Ranar 6 ga Satumba 1556 babban bishop Alonso de Montúfar ya yi wa'azi yana yabon masu zuwa wurin. Bayan kwana biyu, wato ranar 8 ga Satumba, bikin haihuwar Maryamu, shugaban ƴan ɗariƙar Faransis, Francisco de Bustamante, ya mayar da martani gaban wakilin sarki. Ya ce wani ɗan ƙasa mai suna Marcos ne ya zana hoton, kuma danganta masa mu'ujiza zai rikita sababbin tuba. Montúfar ya sa aka ɗauki shaidar waɗanda suka ji wa'azin, ba ko ɗaya a cikinsu da ya ambaci Juan Diego.

A shekara ta 1575 wakilin sarki Martín Enríquez ya rubuta wa Sarki Filibus na 2 cewa ibadar ta bunƙasa ne wajen 1555 ko 1556, bayan wani makiyayi ya ce ya sami lafiya a wurin. Ya ƙara da cewa an kafa ƙungiyar ibada mai mutum wajen 400. Irin waɗannan ƙungiyoyi, da ake kira cofradía, su ne ke tara kuɗin kyandir da na biki, su yi jana'izar ƴan'uwansu, su fita ziyara tare. Daga cikinsu ne al'adar ziyarar ƙungiya ta samo tushe a ƙasar.

Sai kuma shaidar Bernardino de Sahagún, malamin da ya fi kowa sanin Nawatil a cikin Turawan zamaninsa. Wajen 1576 ya rubuta cewa tun kafin zuwan Ispaniyawa mutane suna zuwa Tepeyak daga nesa domin bauta wa wata uwar alloli da suke kira Tonantzin. Kalmar gaɓa uku ce: ɗafa-goshi to, ma'ana namu ko tamu, da saiwa nan, ma'ana uwa, da ɗafa-ƙeya tzin, wadda ke nuna girmamawa. Ƙorafin Sahagún shi ne masu wa'azi sun ari wannan tsohon suna suna kiran Maryamu da shi, saboda haka ba a iya sanin wadda mai ziyara yake nufi a zuciyarsa. A ganinsa, kamata ya yi a yi amfani da wani lafazi dabam mai ma'anar uwar Allah. Gardama ce a kan zaɓen kalma: ko a ɗauki tsohuwa a ɗora mata sabuwar ma'ana, ko a ƙirƙiro sabuwa wadda jama'a ba su saba da ita ba. Jama'a dai tsohuwar suka riƙe.

3. Nawatil a rubuce

Mutanen Aztek suna da nasu rubutun zane tun da daɗewa, amma da baƙaƙen Latin aka soma rubuta zance cikakke, jimla bayan jimla. Ranar 6 ga Janairu 1536 aka buɗe makarantar Santa Cruz a Tlatelolco, inda ƴaƴan sarakunan ƙasar suke koyon Latin da Ispaniyanci da rubutun harshensu. A 1539 aka kafa maɗaba'a a birnin Meksiko, ta farko a nahiyar Amurka. Andrés de Olmos ya kammala nahawun Nawatil a 1547. Alonso de Molina ya buga ƙamus a 1555, ya faɗaɗa shi a 1571 ya zama mai fuska biyu. A 1570 Filibus na 2 ya amince Nawatil ya zama harshen gama-gari na koyar da addini tsakanin al'ummomin ƙasar. Kafin ƙarshen ƙarnin, magatakardan garuruwa suna rubuta wasiyya, da cinikin gona, da ƙarar shari'a da harshen.

Ƙa'idar rubutun tana da giɓi. An gina ta bisa ta Ispaniyanci, don haka ba ta nuna tsawon wasali, kamar dai yadda rubutun boko na Hausa ba ya nuna shi, galibi kuma ba ta nuna hamza. Sai a nahawun Horacio Carochi na 1645 aka yi wa waɗannan biyu alamomi bisa tsari, marubuta kuwa ba su bi shi ba.

Sunan Gwadalupe kansa baƙo ne a harshen. Sunan wani kogi ne da wani wurin ziyara a yankin Estremadura na Ispaniya, kuma gaɓarsa ta farko daga kalmar Larabci wadi ta fito. Nawatil ba shi da sautin g ko d. Wannan ya sa tun ƙarni na 17 wasu malamai suke neman wata kalmar Nawatil da suke zaton Ispaniyawa suka ji suka karkatar. Babu ɗaya daga cikin kalmomin da suka kawo da ke cikin tsofaffin matanoni.

4. Littattafan 1648 da 1649

A 1622 aka keɓe sabuwar majami'a a Tepeyak. A 1629 ambaliya ta cinye birnin Meksiko, aka ɗauko hoton cikin kwalekwale aka kai shi babbar majami'ar birni, ya zauna can har 1634. Martabarsa ta ƙaru, amma har lokacin ba a buga labarin bayyanar ba.

A 1648 wani limami haifaffen ƙasar, Miguel Sánchez, ya buga labarin da Ispaniyanci, karo na farko ke nan. Ya fassara hoton bisa sura ta 12 ta Wahayin Yohanna, inda aka ambaci wata mace mai juna biyu, rana tana lulluɓe da ita, wata yana ƙarƙashin ƙafafunta. Manufarsa a fili take: ya nuna wa Turawan da aka haifa a Meksiko, waɗanda na Ispaniya ke rena wa, cewa ƙasarsu zaɓaɓɓiya ce.

A 1649 Luis Laso de la Vega, limamin da ke kula da Tepeyak, ya buga wani ɗan littafi da Nawatil mai suna Huei tlamahuiçoltica. Sashensa da ke ba da labarin bayyanar an san shi da kalmominsa biyu na farko, Nican mopohua. Harshensa na fada ne, cike da lafuzan girmamawa da kalmomi masu zuwa bibbiyu, irin na tsofaffin jawaban sarakunan Aztek.

Masana sun rabu a kan marubucin wannan sashe. A ƙarshen ƙarni na 17 Carlos de Sigüenza y Góngora ya shaida cewa ya mallaki rubutun da hannun Antonio Valeriano, wani ɗan ƙasa da ya yi karatu ya kuma koyar a Tlatelolco, ya yi mulkin unguwannin ƴan ƙasa na birnin Meksiko, ya rasu a 1605. Edmundo O'Gorman a 1986 da Miguel León-Portilla a 2000 sun goyi bayan cewa Valeriano ne ya rubuta shi wajen 1556. A ɗaya ɓangaren, Lisa Sousa da Stafford Poole da James Lockhart, a binciken da suka buga a 1998, sun gwada matanin da na Sánchez, suka ga cewa Laso de la Vega ya dogara da littafin 1648. Akwai wani guntun rubutun hannu na matanin a ɗakin karatu na birnin Niyok, amma ba a daidaita a kan shekarunsa ba.

5. Daga Satumba zuwa Disamba

Da labarin ya shiga ɗab'i, sai ya zo da watansa. A 1660 wani malami ɗan ƙungiyar Yesu, Mateo de la Cruz, ya buga taƙaitaccen littafin Sánchez a Puebla, shi ne kuma ake ɗauka na farko da ya ƙayyade ranakun, daga 9 zuwa 12 ga Disamba. Lissafin ya dace da kalandar Yuliyus da ake aiki da ita a 1531, domin a cikinta 9 ga Disamba Asabar ce, 12 kuma Talata.

A 1663 shugabannin majami'ar Meksiko suka roƙi Roma ta ba su izinin yin bikin ranar 12 ga Disamba. Domin ƙarfafa roƙon aka yi binciken 1666, inda aka ɗauki shaidar tsofaffi takwas a garin Cuauhtitlan, ta bakin tafinta, a kan abin da suka ji daga iyaye da kakanni. Roma ba ta ba da abin da aka nema ba a lokacin. Duk da haka ziyara ta ci gaba da tsaruwa. Daga 1675 aka soma gina hasumiyoyin dutse goma sha biyar a gefen hanyar da ta tashi daga birni zuwa Tepeyak, kowace tana tuna da babi ɗaya na addu'ar carbi. Ƙungiya takan tsaya gaban kowace ta yi addu'a kafin ta wuce. Tsakanin 1695 da 1709 aka gina babbar majami'ar da ake kira tsohuwa a yau.

Abin da ya ƙarasa aikin annoba ce. A 1736 da 1737 cutar da ake kira matlazahuatl ta kashe dubban mutane, galibi ƴan ƙasa. A 1737 hukumomin birni da na majami'a suka yi rantsuwar ɗaukar Maryamu ta Gwadalupe majiɓinciyar birnin, aka mai da 12 ga Disamba ranar biki ta wajibi. A 1746 rantsuwar ta game ƙasar baki ɗaya. Ranar 25 ga Mayu 1754 Paparoma Benedikt na 14 ya tabbatar da ita, ya kuma amince da addu'o'i na musamman domin wannan rana. Daga nan ne ziyarar ta zauna daram cikin Kwanakin Jira, kwana huɗu bayan bikin 8 ga Disamba. Ma'anonin biyu kuwa sun dace: masu wa'azi suna fassara baƙin ɗamarar da ke jikin hoton da cewa alamar juna biyu ce, ga shi kuma lokacin jiran haihuwa ne.

Shekara goma sha shida bayan haka, a 1770, Sarki Karlos na 3, bisa shawarar babban bishop Lorenzana, ya ba da umurnin a kawar da harsunan ƴan ƙasa a bar Ispaniyanci kaɗai. Wato a daidai lokacin da bikin ya sami cikakkiyar amincewa, harshen da labarin ya ce an yi maganar da shi ya rasa gurbinsa a hukumance.

6. Ƙungiyoyin ziyara bayan mulkin Ispaniya

A watan Satumba 1810 limami Miguel Hidalgo ya ɗauki hoton Gwadalupe a Atotonilco ya mai da shi tutar yaƙin neman ƴancin kai. Shugaban ƙasa na farko, wanda ya hau a 1824, ya riga ya sauya sunansa zuwa Guadalupe Victoria. A Disamba 1914 dakarun manoma na Emiliano Zapata sun shiga birnin Meksiko da tutocin hoton.

A ƙarshen ƙarni na 19 bishop-bishop suka tsara ziyarar yankuna, jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa ta. Ziyarar ƙasa ta Querétaro, wadda ta faro a 1890, a watan Yuli ake yin ta yanzu. Manyan ziyarce-ziyarcen yankuna sun bazu cikin watannin shekara, Disamba kuwa ya zama na kowa da kowa, musamman ƙananan ƙungiyoyi masu shirya kansu da kansu.

Waɗannan ƙungiyoyi sun ratsa zamani mai wuya. Tsarin mulki na 1917 ya killace ibadar jama'a cikin majami'u. Ranar 14 ga Nuwamba 1921 wani bam da aka ɓoye cikin furanni ya fashe a ƙarƙashin hoton, ya lanƙwasa wani gicciyen ƙarfe, hoton bai lalace ba. Daga 1926 zuwa 1929, lokacin yaƙin da aka yi tsakanin gwamnati da ƴan tawayen Katolika, an dakatar da hidimar limamai, aka ɓoye hoton aka rataya kwafinsa. Sai a 1992 aka sassauta dokar ibada a fili, ko da yake an daɗe hukuma tana kau da kai ga masu ziyara.

Da tsohuwar majami'a ta soma nitsewa cikin laka ta tsohon tafki, sai aka gina sabuwa mai siffar da'ira, aikin Pedro Ramírez Vázquez da abokansa, aka keɓe ta ranar 12 ga Oktoba 1976. Tana ɗaukar mutum 10,000, kuma a ƙarƙashin hoton akwai daɓe mai tafiya da kansa domin kada jama'a su cunkushe. Gardamar tarihi ba ta mutu ba: a 1996 shugaban majami'ar, Guillermo Schulenburg, ya sauka bayan an yaɗa maganarsa ta shakkar wanzuwar Juan Diego. Ranar 31 ga Yuli 2002 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya sanya Juan Diego cikin waliyyai, ranar tunawa da shi kuma ita ce 9 ga Disamba. A 2020 an rufe majami'ar daga 10 zuwa 13 ga Disamba saboda annobar korona. A wasu daga cikin shekarun da suka biyo baya, hukumomin birni sun ƙiyasta masu ziyarar waɗannan kwanaki da fiye da miliyan 10.

Kammalawa

Abu uku ne suka fito daga wannan tarihi. Na farko, ibadar Tepeyak da ƙungiyoyinta sun girmi littattafan da suka bayyana ta, tun da akwai shaidarsu a 1556 da 1575, amma ranar da ake ziyara a yau daga rubutu ta fito, ta bi ta 1648, da 1660, da 1737, har 1754. Na biyu, matanin Nawatil ya yiwu ne saboda aikin shekara ɗari da ya gabace shi: makaranta, da maɗaba'a, da nahawu, da ƙamus, da magatakarda masu rubuta al'amuran yau da kullum da harshensu. Na uku, buga littafi bai wadatar ba in babu masu karatu. Kwafin littafin 1649 sun yi ƙaranci ƙwarai, labarin kuma ta wa'azin Ispaniyanci da zane-zane ya fi yaɗuwa. Sai bayan da Primo Feliciano Velázquez ya sake fito da shi tare da fassara a 1926 matanin ya shahara, yawancin masu ziyara kuwa a fassara suka san shi.

A 2003 dokar ƙasa ta amince da harsunan ƴan asali a matsayin harsunan ƙasa tare da Ispaniyanci. Ƙidayar 2020 ta sami masu magana da Nawatil fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. A watan Oktoba 2015 aka gudanar da babbar addu'ar Katolika da Nawatil tun daga farko har ƙarshe a majami'ar Tepeyak, abin da shugabannin Ikilisiyar ƙasar suka bayyana a matsayin karo na farko, shekara 366 bayan littafin Laso de la Vega.